Silifa Mai Ƙusa a Gidan Taswira

Kafin a kira sallar la'asar ranar Juma'ar nan, duk Malbaza ta ji an yi sata a Gidan Taswira. Masu shayi sun ji, direbobin motocin siminti sun ji, har matan da ke tuyar ƙosai a bakin tasha sun bar mai yana ƙonewa suna mayar da zancen.

Gidan Taswira wani kamfani ne a bayan gari, mai haƙa ramuka yana auna abin da Allah ya binne a ƙarƙashin ƙasa. Abin da suka gano sirrin gwamnati ne, yana cikin wani ɗan baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba, a ɗakin da ke can ƙurya. A da masu gadi ne ke tsaron gidan da kulake da makullan ƙarfe. Bana aka sallame su, aka kafa kamara a kowace kusurwa, aka sa wa ƙofofi na'urar da ba ta buɗewa sai ta ga yatsan wanda ta sani. To, ga shi ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba, akwati kuwa babu shi. Wasu suka ce tsoffin masu gadi ne suka rama. Wasu suka ce a'a, na ciki ne.

Ajidan Sanusi, shugaban jandarma masu tsaron garin, bai jira a gama duba na'ura ba, ya aika aka kira Yahuza mai bin sawu. Daga Ƙonni har Alela, in aka kore wa mutum shanu, Yahuza ake nema. Shi kuwa ba ya ƙaunar ko jin sunan Gidan Taswira, duk da a nan matarsa Rashida take aiki, ita ce ma aka ba riƙon ɗakin sirrin. Abin da ke cin ransa wani saurayin injiniya ne, Anwar, wanda ya kafa na'urorin. Ranar da Rashida ta koma aiki bayan ta gama wankan jego, Yahuza da kansa ya kai ta a kan babur. Hannunta ya sha lalle jawur, na'ura ta ƙi karɓar yatsanta, sai Anwar ya kama yatsan yana dannawa, yana gogewa, yana sake dannawa, turarensa ya cika wurin. Yahuza ya faɗi maganar da ba ta da daɗi, har sai da Hajiya Tsahara, babbar ma'aikaciyar buro, wato ofishin kamfanin, ta shiga tsakani ta ce, "Tahi abinka, ƙanena, ni zan tsaya mata." Ya tafi, amma hannun nan bai fita daga idonsa ba har yau.

"Sarkin sawu, ga ƙasa nan, ta yi maka magana," in ji ajidan, yana nuna masa ƙofar baya.

Malbaza gari ne mai sauƙi ga mai bin sawu, don ƙurar siminti tana kwanciya a kan komai kamar garin tuwo. Yahuza ya tsuguna. Sawun mace ne, silifa ce ta roba. A tsakiyar ta hagun akwai wata 'yar siririyar tsaga a kwance. Alamar ƙusa ce. Shi ya soke ƙusar nan da hannunsa ranar da igiyar silifar ta tsinke, Rashida kuma ta kai ta buro don alwala.

"Mi ka gani?"

"Mace ce."

"Wannan ko ni na gani. Fuskarka nike tambaya."

Yahuza ya bi sawun gefen katanga. A bakin kwata matar ba ta zagaya ta kan katakon tsallakawa ba, tsalle ta yi. A kwanar katanga ta ɗan tsaya, sannan ta miƙe ta hau kwalta, inda tayoyin manyan motoci suka shafe komai. Zuciyarsa ta raya masa, ga sauri nan, saurin mai zuwa wurin wanda ke jiran ta.

A cikin buro Anwar ya kunna musu hoton kamara. Lokacin da maza ke masallaci, wata mace ta shigo da dogon hijabi ruwan toka, ta rufe hanci da baki da takunkumi kamar yadda kowa ke yi saboda ƙura, ga tudun goyo a bayanta. Ta ɗora yatsa, ƙofa ta buɗe, na'ura ta rubuta sunan Rashida.

"Hijabin nan duk matan buro suna da shi, ankon suna ne," in ji Anwar a hankali.

"Yatsan ma anko ne?" ajidan ya tambaye shi.

Anwar ya sunkuyar da kai. Yahuza ya lura da yadda ya yi saurin kare ta, ya ajiye wannan a ransa.

Aka kawo Rashida birgadi, ofishin jandarma, da goyon ɗanta Awal, wanda take kira Baƙo. Wata huɗu ke gare shi, ko ruwa bai fara sha ba. Ta zauna a bakin benci, ta karkato gaba, hannu ɗaya yana jijjiga shi ta baya.

"Malama, ina kike lokacin sallar Juma'a?"

Ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa. "Na hita unguwa."

"Unguwa ba ta da suna?"

Ta gyara goyo ta ce, "Gidan Malam Anwar."

Yahuza ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa a baya. Ajidan ya ajiye alƙalami ya ce, "To, madalla. Mai yatsa ta tahi gidan mai na'ura. Mi kinka je yi?"

"Ba zancen da za a yi gaban maza ba ne." Ta juya ga mijinta. "Malam, in ka tsaya zan gaya maka kai kaɗai."

Amma Yahuza ya riga ya juya. A bakin ƙofa ajidan ya riƙo hannun rigarsa. "Ka saurare ni. Wanga ba satar akuya ba ce. Gobe da yamma mota za ta zo daga Tawa ta ɗauke ta, kuma inda za a kai ta ba a shiga da jinjiri. Ka nemi wadda za ta riƙe yaron."

Hajiya Tsahara tana waje da kwanon fura da ta kawo wa Rashida. Ta share ido da gefen mayafi. "Kada ka damu da Baƙo, ƙanena. Shida na goya, na bakwai ba zai gagare ni ba."

Washegari da sassafe Yahuza ya tsaya wurin Tanimun, ɗaya daga cikin masu gadin da aka sallama, wanda yanzu yake sayar da shayi a tsallaken ƙofar baya. Shi ne rabin gari ke nunawa da baki.

"Sun ce ni ne, ko?" Tanimun ya yi dariya, ya ware tafukan hannunsa. "Diba yatsun nan. Siminti ya cinye zanensu tun ina dako. Ko na'urar gidan sarki ce ba ta san ni ba."

"Ba ka tahi masallaci ba jiya?"

"Ƙafa ta hana ni. Ina nan na ga ta hito. Ta hange ni, ta laɓe a kwana har na shiga ɗauko gawayi. Abin ya yi mini ciwo, Yahuza. Yarinyar da kullum sai ta tsallako ta nuna mini Baƙo ta ce ga kakanka."

Daga nan Yahuza ya nufi gidan Anwar, ba don neman akwati ba. So yake ya gani da idonsa. Ya kuwa gani. A ƙofar gidan ga sawun takalmin matarsa na fita unguwa, na jiya a kan na shekaranjiya, na shekaranjiya a kan waɗanda iska ta fara cinyewa. Kullum ke nan. Ya tsaya yana kallon su har idonsa ya yi ja, yana tuna duk ranar da ta ce masa aiki ne ya riƙe ta da azahar. Ya buga sallama da murya kamar ta mai karɓar haraji.

Wata yarinya ramammiya ta leƙo daga bayan labule, da jaririya a hannu tana kuka, kukan da ba shi da ƙarfi. Humaira ce, matar Anwar. Yahuza bai ma san yana da mata ba.

"Maigidan yana buro. Kai ne mijin Yaya Rashida? Don Allah, sun sake ta?"

"Mi take zuwa yi gidan ga?"

Humaira ta ja labule ta rufe rabin fuskarta. "Tunda na haihu ruwan nono bai zo mini ba. Mun yi na likita, mun yi na gargajiya. Madarar gwangwani kuwa in ta sha sai ta amayar. Yaya Rashida ta ji kukanta ranar da ta zo barka, sai ta karɓe ta ta sa a nono. Tun ranar take zuwa. Ni na roƙe ta kada ta hwaɗa wa kowa, don dangin miji sun fara cewa ban cika mace ba." Ta jijjiga jaririyar. "Ta ce za ta gaya maka in ranka ya yi sanyi. Daga jiya da azahar ɗiyar nan ba ta sha abin kirki ba."

Yahuza ya sake duban ƙasa. Sawun da ya tsaya yana ƙi ɗazu suna nan yadda suke, sai dai yanzu ya ga abin da ya kamata ya gani tun farko. Taku ne gajere, yatsun ƙafa sun nutse, dunduniya ba ta danna sosai ba. Tafiyar mai goyo ke nan, wadda ke karkata gaba don ta tare nauyin da ke bayanta. A bakin ɗan zaure ma, inda rufin ya yi ƙasa, sai ta rage tsawo ta shiga a hankali.

Ya hau babur ya koma katangar Gidan Taswira. Jandarma sun kewaye wurin da igiya, ba wanda ya taka. Ya sake duba tsallen kwata. Ya zo kwana, inda jiya bai ɗaga ido daga ƙasa ba. Ƙafafun biyu suna gaba, nesa da gindin katanga, dunduniyoyi sun haƙa ƙasa. A jikin katangar kuwa, daidai tsayin bayan mace, ƙurar siminti ta goge, ta bar wani faffaɗan tabo zagaye. Matar ta jingina ne, da dukkan nauyinta.

Ya sami Anwar shi kaɗai a ɗakin na'urori, ga sanyin iyakwandishan, ga turaren nan. Yahuza ya tsaya a gabansa, ya tambaye shi.

"Ranar da ka riƙe mata hannu. Bayan na tahi, yaya anka ƙare?"

Anwar ya cire tabarau ya goge. "Na ji tsoron sake taɓa ta. Direkta kuma yana son a fara aiki ranar. Sai Hajiya ta ce a sa nata yatsan da sunan Rashida, ta riƙa buɗe mata kafin lallen ya hita. Da ya hita na ƙara na Rashida."

"Na Hajiyar fa?"

"Na yi niyyar gogewa. Sai an goge duka biyun an sake, dole kuma in sake riƙe hannun Rashida. Na ce gobe, na ce jibi." Ya mayar da tabarau a idonsa. "Jiya na tuna. In na hwaɗa, aikina ya tahi, ga jinjira ba lafiya. Kuma Hajiya ce fa, a haife ta haife ni."

"Matata tana shayar da ɗiyarka, kai kana lissafin aikinka."

Anwar bai ɗago ba. Yahuza ya so ya ji daɗin ganin sa haka, amma daɗin bai zo ba, don ya san wanda ya sa mutumin ya ji tsoron hannun.

Bayan azahar ajidan ya tara su a farfajiyar gidan, direkta da Anwar da Tanimun da Hajiya Tsahara da sauran ma'aikata. Aka kawo Rashida, idanunta sun kumbura. Mutanen gari suka yi cincirindo a bakin ƙofa.

"Sarkin sawu, mota tana hanya. In kana da magana, yi ta."

Yahuza ya kai su kwanar katanga. Bai dubi matarsa ba, ya ce, "Ke, jingina nan ki huta."

Rashida ta dube shi kamar ya zautu. "Da yaro a bayana?"

Matan da ke bakin ƙofa suka yi gunaguni. Wata tsohuwa ta ce, "Wanga ko ya taɓa ganin goyo?"

"To ku diba," in ji Yahuza, ya nuna tabon. "Wadda ta hito jiya ta jingina nan har dunduniyarta ta haƙa ƙasa. Ta tsallake kwatar can da tsalle. Silifar matata ce, ni na sa mata ƙusa. Amma abin da ke bayan matar nan ba ya numfashi."

Ajidan ya tsuguna ya daɗe yana kallo. "Yatsan fa?"

"Yatsu biyu ke ƙarƙashin sunan Rashida," in ji Anwar. "Laifina ne. Kowa ya zo ya ɗora nasa, na'ura za ta nuna."

Aka koma ƙofa. Direkta ya ɗora, sunansa ya fito. Tanimun ya ɗora, na'ura ta yi ƙara ta ƙi, ya ce, "Ai na gaya muku ba ma gaisawa." Da aka zo kan Hajiya Tsahara, ta fito da hannunta daga mayafi a natse. Yatsunta goma sun sha sabon lalle har ya yi baƙi. Ta ɗora, na'ura ta ƙi.

"Kun gani," ta ce.

"Hajiya, jiya da kinka kawo fura hannunki fari ne," in ji Yahuza. "Bikin wa anka yi tsakanin jiya da yau?"

"Sai da biki mace ke ƙunshi?"

"Ƙawarki tana kwance hannun jandarma, ke kina ƙunshi?"

Ajidan ya gyara hularsa. "Ba komai. Lalle yana hita. Za ki zauna wurinmu har ya hita, sannan mu sake tambayar ƙofa."

Rashida ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. "Yaya, ke kinka koya mini ɗaurin goyo. Jiya kin ce in ba ki shi ki riƙe."

A nan fuskar Hajiya Tsahara ta sauya. Ta dubi ƙofar, ba ta dubi Rashida ba.

"Tun ana aikin ga a rumfar kwano makullin ɗakin nan ke ɗaure a bakin zanena. Ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Rana ɗaya anka kawo ƙarfe anka manna, anka ce sai wadda ta yi karatun lakwal mai zurfi. Ni in dafa shayi, ita ta shiga ɗaki mai sanyi da ɗanta a baya, kowa yana Madam Rashida, Madam Rashida. Yatsana ne ya buɗe mata ƙofar nan farko, amma sunanta ƙarfen ke kira." Ta ja numfashi. "Korar ta kawai na so a yi. Ban san za a ce Tawa ba. Akwatinku yana cikin matashin da na goya, ƙarƙashin gadona. Ban buɗe shi ba, ban ma san ta inda ake buɗe shi ba."

Baƙo ya farka ya fara ƙananan kuka. Motar Tawa ta iso da yamma, kuma ba ta koma da Rashida ba. Direkta ya ce wa Anwar maganarsa tana nan zuwa Litinin.

Da suka fito, Rashida ta hau bayan babur, ta riƙe ƙarfen baya maimakon kafaɗar mijinta. Yahuza ya ji wannan. A mararraba, maimakon ya yi hagu zuwa gida, sai ya karya dama.

"Malam, ina za mu?"

"An ce tun jiya jinjirar Humaira ba ta sha ba."

Can ya ji hannunta ya sauka a kafaɗarsa.

A ƙofar gidan ta sauka, ta rage tsawo ta shige zauren a hankali. Ba a jima ba kukan ciki ya tsaya. Anwar, da ya iso bayansu, ya shimfiɗa tabarma, suka zauna kowa yana kallon gabansa. Turaren yana nan, kuma har yanzu Yahuza ba ya son shi.

"Ka san hukuncin abin ga?" ya ce daga bisani. "Ɗiyarka ta sha nonon matata. Ta zama ɗiyata, Baƙo ya zama wanta. Ba ni da yadda zan yi da kai yanzu."

"Na sani, Yaya."

"Litinin zan je in yi wa direktanku magana. Ba don kai ba." Ya kakkaɓe ƙurar siminti daga gwiwarsa. "Kuma in za a sake ɗaukar yatsan nan, ka tsaya can gefe ka gaya mata yadda ake yi. Tana da ilimi, za ta ɗora da kanta."